Sak ko wake da shinkafa: wa mai ƙuri'a yake bi a Arewa?

A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta ayyana Malam Ibrahim Shekarau a matsayin wanda ya ci kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya a jam'iyyar NNPP, da ƙuri'a sama da 450,000. Alhali tun watan Agustan 2022 Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP, yana yi wa Atiku Abubakar kamfe, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ba ya wannan takara. Jam'iyyar ta ce ta maye gurbinsa da Rufa'i Sani Hanga, hukumar ta ƙi canza sunan, aka shiga kotu, har ranar zaɓe ta zo sunan Shekarau ne a hannun INEC. Sai bayan zaɓe kotun ƙoli ta tabbatar wa Hanga kujerar.

To, mutanen Fagge da Dala da Gwale da Kumbotso da suka yi layi a ranar, wa suka zaɓa? Ba Shekarau ba ne, don a lokacin yana ɓangaren hamayya da su. Da wuya a ce Hanga ne, don sunansa ma ba ya cikin jerin ’yan takarar da ke hannun INEC. Ba kuma son NNPP ba ne, jam'iyyar da ta fi shekara ashirin da rajista amma kafin 2022 da ƙyar za ka sami wanda ya san alamarta a Kano. Jar hula suka bi. Rabi'u Musa Kwankwaso ya ce kwandon kayan marmari, suka nemi kwandon kayan marmari suka dangwala.

Wannan ya nuna abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa in ana maganar biyayyar siyasa a ƙasar nan: akwai jam'iyya, akwai gida, akwai kuma shi mai ƙuri'ar. Doka jam'iyya kaɗai ta sani. Mutane gida suke bi. Shi kuwa mai cewa ba ya bin kowa, cancanta yake dubawa, yana nan da yawa fiye da yadda ’yan siyasa suke so a sani, sai dai an tsara al'amarin ta yadda ba a neman ra'ayinsa sai an riga an gama yanka an rarraba.

Abin da doka ta sani

Kundin tsarin mulkin 1999 ya rufe ƙofar takara ga duk wanda ba shi da jam'iyya. Sashe na 131 ya ce mai neman shugabancin ƙasa dole ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ce za ta tsayar da shi. Sashe na 177 ya faɗi haka a kan gwamna, na 65 a kan ’yan majalisar tarayya, na 106 a kan ’yan majalisar jiha. Sashe na 221 kuma ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a. Ma'ana, Kwankwasiyya komai yawanta ba za ta hau takardar ƙuri'a da sunanta ba, haka ma masu bin Peter Obi. Sai sun nemi jam'iyya mai rajista sun shiga. Shi ya sa jam'iyya a wurin manyan ’yan siyasa ta zama kamar motar haya: wadda ta yi lodi za ta tashi ita ake shiga, in ta lalace a hanya a sauka a tari wata.

Takardar ƙuri'ar kanta ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa. Alamar jam'iyya ce da haruffanta. Kotuna ma sun daɗe suna tafiya a kan haka. A Oktoban 2007 kotun ƙoli ta cire Celestine Omehia daga kujerar gwamnan Ribas ta ɗora Rotimi Amaechi, wanda bai tsaya a babban zaɓen ba, bisa hujjar cewa shi ne halastaccen ɗan takarar PDP, kuma PDP aka zaɓa. A Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, ƙuri'unsa suka zama na Yahaya Bello. A Zamfara a Mayun 2019 kotun ƙoli ta zubar da dukkan ƙuri'un APC saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, Bello Matawalle na PDP da ya zo na biyu da tazara mai nisa ya zama gwamna. Bayan shekara biyu shi ma ya koma APC ɗin, da kujerar a hannunsa.

Nan ne dokar take da baki biyu. Wajen shiga, ƙuri'a ta jam'iyya ce. Wajen fita, gwamna ko shugaban ƙasa zai iya sauya sheƙa ba abin da zai same shi, don tsarin mulki bai sa sauya jam'iyya cikin dalilan sauke su ba. ’Yan majalisa ne sashe na 68 da na 109 suka ce za su rasa kujera in sun bar jam'iyyar da ta kawo su, sai fa idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. A 2015, a shari'ar wani ɗan majalisar wakilai daga Ondo, kotun ƙoli ta fayyace cewa rabuwar da ake nufi ita ce ta uwar jam'iyya a matakin ƙasa, ba rigimar shugabannin jiha ba. Amma wanda zai ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa a kai shi ne shugaban majalisa, kuma yawanci jam'iyyarsa ake komawa. Ba a taɓa ganin mai gida ya kori baƙon da ya zo ƙara masa yawa ba. Sai a karanta wasiƙar sauya sheƙa a zauren majalisa, a yi tafi, a wuce.

Gida

Tunda shugabanni suna yawo haka, me mabiya suke riƙe da shi? Dubi tafiyar manyan Kano biyu. Kwankwaso ya yi PDP, ya koma APC a Nuwamban 2013 tare da wasu gwamnoni huɗu, ya dawo PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Shekarau ya yi ANPP, ya shiga APC da aka yi haɗaka, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a Mayun 2022, ya fita zuwa PDP bayan wata uku. In ka lura, sau da yawa shigowar ɗaya ita ce fitar ɗaya. Ba manufa ce ta raba su ba. Tambayar ita ce wa zai riƙe shugabancin jam'iyya a jiha, don wanda ya riƙe shi shi ke raba takara.

Ƙuri'un sun bi mutum, ba su bi alama ba. Kwankwaso ya ci gwamna a 2011 a PDP da kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari. Abba Kabir Yusuf ya sami 1,024,713 a PDP a 2019. Kwankwaso ya sami 997,279 a Kano a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a NNPP. Bayan mako uku Abba ya sami 1,019,602. Lema ko kayan marmari, adadin yana nan kusa da miliyan ɗaya. Wannan shi ne gida.

Abin ba sabo ba ne. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, amma kafin a je ko'ina ta rabu zuwa ’yan taɓo da suka tsaya tare da Malam Aminu Kano da ’yan santsi da suka bi Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Gabar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ta fi wadda ke tsakaninsu da NPN zafi a wasu unguwannin, ta kuma rayu bayan PRP ɗin ta daina tasiri. A 1983 Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren taɓo ya kayar da shi. Abu ɗaya da ya kamata a tuna wa ’yan siyasar yau: Rimi ya ajiye kujerar gwamna kafin ya tsaya a sabuwar jam'iyyarsa, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin.

Masu zama a ofis suna yawan kallon wannan biyayya a matsayin jahilci. Kuskure ne. A unguwar da gwamnati ba ta zuwa sai da hannun wani, gida shi ne hanyar samun taki a farashin gwamnati, da sa sunan yaro a jerin ɗaukar aiki, da kuɗin tiyata, da wanda zai je ofishin ’yan sanda ya yi beli da daddare. Gidan da ya daɗe yana da abin nunawa: ɗaliban da aka tura karatu waje, zawarawan da aka aurar, wanda aka ba jari. Mutumin da ƙaninsa ya yi digiri na biyu a Indiya da kuɗin gwamnatin wani, ba ka da bakin ce masa ya zo a auna manufofi. Ya riga ya auna. Sannan fita daga gida tana da tsada: majalisar da kake zama da yamma, zauren WhatsApp ɗin unguwa, abokan cinikinka a kasuwa, wani lokaci har gidan surukai. Wanda ya cire hula ba ra'ayi kawai ya canza ba, wurin zama ya canza.

Ana kuma ciyar da wannan biyayya kullum, ba sai lokacin zaɓe ba. Sojojin baka suna gidajen rediyo kowane dare, mawaƙa suna fitar da sabuwar waƙa duk lokacin da aka yi rigima, ’yan soshiyal midiya suna jiran abin da za su yanko. Aikinsu ba jawo na waje ba ne. Aikinsu shi ne kada na ciki ya huce.

Masana halayyar jama'a sun daɗe da nuna cewa ɗan Adam ba ya buƙatar dalili mai nauyi kafin ya fifita nasa. A farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya raba ’yan makaranta a Biristol ta Ingila gida biyu bisa abin da bai taka kara ya karya ba, ya ba su maki su raba, sai ga kowa yana fifita ɗan rukuninsa da bai ma san ko wane ne ba. In an ɗora addini ko ƙabila ko tsohon ciwo a kan wannan, sai ya kafu. A Ghana, unguwannin zango sun daɗe suna karkata ga jam'iyyar NDC, kuma cikin dalilan da ake ambata har yau akwai korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Minista Busia, wanda jam'iyyar NPP ta Ghana, abokiyar hamayyar NDC, ta fito daga tsatson siyasarsa. A Najeriya tikitin Musulmi da Musulmi na 2023 ya sa an hau mumbari da majami'u ana faɗa wa mutane inda za su dangwala. Amma ko wannan ba ƙa'ida ba ce da ba ta karyewa. A 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofa ɗin.

Lissafin da ke nuna mai zaɓen kansa

Hanya mafi sauƙi ta gano ko akwai masu raba ƙuri'a ita ce a ɗora sakamakon shugaban ƙasa kusa da na gwamna a jiha ɗaya. Amma sai an karanta da hankali, don ba kowane bambanci ne yake nufin an canza ra'ayi ba.

A 2011 Buhari ya sami sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a Kano a CPC. Da aka zo zaɓen gwamna ɗan takarar CPC bai kai dubu ɗari biyu ba. A faɗin ƙasa Buhari ya ci jihohi goma sha biyu, jam'iyyarsa ta ci gwamna ɗaya tak, a Nasarawa, jihar da shi kansa bai ci ba. Kiran sak, wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, bai yi aiki ba a shekarar. A 2019 APC ta sami 1,464,768 a Kano a zaɓen shugaban ƙasa, PDP 391,593. Da aka zo gwamna, bayan zaɓen cike gurbi na 23 ga Maris, APC ta sauko zuwa 1,033,695, PDP ta haura 1,024,713. Ɗaya ta yi asarar sama da dubu ɗari huɗu, ɗaya ta ƙaru da sama da dubu ɗari shida. Wannan wake da shinkafa ne na gaske: mutum ɗaya, Buhari a sama, Abba a ƙasa. Sai dai ko a nan, da yawansu ba ’yan ba-ruwanmu ba ne. Gida biyu suke so a lokaci guda, kowanne suka ba shi nasa.

Katsina a 2023 wani labari ne daban, kuma nan ne masu sharhi da yawa suka zame. Atiku ya ci jihar da 489,045, Tinubu yana da 482,283. A zaɓen gwamna Dikko Radda na APC ya sami 859,892. Sai aka yi ta cewa Katsinawa sun juya. Amma ɗan takarar PDP, Yakubu Lado, ya sami 486,620, kusan daidai da abin da Atiku ya samu. Ba wanda ya gudu daga PDP a lissafi. APC ce ta fito da ƙarin mutum kusan dubu ɗari uku da tamanin waɗanda a watan Fabrairu ko dai suna gida ko sun ba wata jam'iyya. A Zamfara abin ya juya: Tinubu ya ci da 298,396, Atiku 193,978, amma a zaɓen gwamna Matawalle ya tsaya a 311,976, Dauda Lawal na PDP ya tashi zuwa 377,726 ya kayar da gwamna mai ci. A jihohin biyu, wanda ya yanke hukunci shi ne wanda bai fito a zagayen farko ba ya fito a na biyu.

Don haka mai son fahimtar sakamako ya duba abu uku kafin ya yi magana. Na farko, adadin kowace jam'iyya, ba kaso cikin ɗari ba. Na biyu, jimillar waɗanda aka tantance a kowane zagaye. Na uku, ko akwai wani babba a jihar da ya yi zagon ƙasa, don in jagora ya raɗa wa mutanensa cewa a sama a yi wane a ƙasa a yi wane, sakamakon zai fito kamar na masu zaɓen cancanta, alhali umarni aka bi. Abin da gwamnonin PDP biyar ƙarƙashin Nyesom Wike suka yi wa Atiku a 2023 ke nan.

Akwai kuma tasirin jerin zaɓen kansa. Idan aka fara da na shugaban ƙasa, wanda ya ci yakan ja na ƙasa, don ba mai son jiharsa ta zauna a adawa. Majalisar tarayya ta yi yunƙurin sauya jerin a 2018, Buhari ya ƙi sa hannu.

Rukunin da ya fi kowane girma dai shi ne na waɗanda ba su fito ba. Mutum miliyan 93.4 ne suka yi rajista a 2023, miliyan 87 suka karɓi kati, ƙasa da miliyan 25 suka jefa ƙuri'a, wato kusan kashi 27 cikin ɗari, bayan kusan kashi 35 a 2019 da kusan 44 a 2015. Tinubu ya zama shugaban ƙasa da 8,794,726. A Kano masu rajista sun kai miliyan 5.9, gidan da ya fi kowane ƙarfi yana da miliyan ɗaya. Gaskiya ne rajistar tana ɗauke da matattu da waɗanda suka yi ƙaura, kuma kafin zuwan na'urar tantancewa ana kumbura alƙaluma, don haka faɗuwar ba ta kai yadda take a takarda ba. Duk da haka, wanda ba shi da gida a siyasar Najeriya ya fi bayyana ra'ayinsa ta hanyar zama a gida.

A bakin akwati

Raba ƙuri'a yana da wahalar da ba a faɗa. A zagayen farko ana miƙa wa mutum takarda uku: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai. A 2023 jam'iyyu goma sha takwas ne, an jera su bisa haruffa, APC da APGA da APM da APP suna bin juna, haka ADC da ADP. Babu suna, babu hoto. Mai son ya ba wane shugaban ƙasa, ya ba wane sanata, dole ya zo da alama uku a kansa, ya kuma gane wace takarda ce ta wace kujera, ga layi a bayansa ana cewa ya yi sauri. Shugabar mata ta mazaɓa kuwa abu ɗaya ta faɗa wa matan da ta tara tun da asuba: "Hajiya, ki nemi tsintsiya, ki dangwala sau uku, shi ke nan." Saƙon sak ya fi sauƙin isarwa, ya fi sauƙin tunawa, ya fi wuyar kuskurewa.

Kuskuren kuma yana da yawa. Tawada ta yi yawa a yatsa ta haye layi zuwa gidan wata jam'iyya, ko a naɗe takarda tun ba ta bushe ba ta buga a wani gurbin, sai a ce an zaɓi biyu a soke. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, lokacin da ’yan takara 73 suka cika takarda, ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku aka soke. A 2023 sun haura dubu ɗari tara. Lokacin tantance ƙuri'ar da ake shakka a kanta, ejan ɗin jam'iyya ne yake tsayawa ya yi gardama a ƙirga ta. Ƙuri'ar da aka ba ƙaramar jam'iyyar da ba ta da ejan a rumfar ba ta da mai kare ta.

Ga kuma masu saye. Mai sayen ƙuri'a ba ya ɓata kuɗinsa a kan ɗan a-mutun abokin hamayya, kuma nasa ɗan a-mutun kuɗin mota kawai yake buƙata. Wanda ake nema da taliya da atamfa da ’yan dubbai shi ne wanda bai yanke shawara ba. Wato a kasuwar ranar zaɓe, "ba ni da jam'iyya" tana iya nufin mai tunani, tana kuma iya nufin mai jiran tayi, kuma daga nesa ba a bambance su.

Wane ne ɗan cancanta na gaske?

Amurka ce ƙasar da aka fi auna wannan tambaya. A 2023 kamfanin Gallup ya samu kashi 43 cikin ɗari na Amurkawa suna cewa su ba ’yan Dimokurat ba ne ba kuma ’yan Rifablikan ba. Amma in aka ƙara tambaya, wane ɓangare ka fi karkata, yawancinsu sai su faɗa. Cibiyar Pew ta samu a 2019 cewa kashi 7 kacal ne ba su karkata ko'ina ba, kuma su ne suka fi kowa ƙin fita zaɓe da ƙin bin labarin siyasa. Masu karkatar kuwa suna zaɓe kusan kamar masu katin jam'iyya. Sunan ne ba sa so, saboda ya yi wari.

Haka abin yake a nan, musamman tsakanin ’yan boko da matasan intanet. Kowa ɗan cancanta ne a baki. Gwajin ba shi ne abin da mutum yake kiran kansa ba, shi ne ko hukuncinsa yana canzawa in mai aikin ya canza. Man fetur ya ba mu gwaji mai tsabta har sau uku. A Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, aka cika tituna a Kano da Kaduna da Legas har aka dawo da ita 97. A Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai ta 145 daga 86.50, da yawa daga waɗanda suka yi zanga-zangar farko suka ce a yi haƙuri gyara ake yi. A 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta haura 500 a yawancin jihohi cikin kwanaki, sai aka sake musayar wuri. Mutum zai iya goyon bayan cirewar duka uku, ko ya ƙi duka uku, ko ya kawo dalilin da ya bambanta su. Wanda matsayinsa ya bi hular mai mulki sau uku, ɗan gida ne ko da bai taɓa yankar kati ba. Rigimar masarautun Kano, daga ƙirƙiro sababbi huɗu a 2019 zuwa rushe dokar a 2024, ta raba mutane a kan layin nan ɗin dai.

Inda ake yanke hukunci ba shi

Ko da an sami ɗan cancanta na gaske, yana isowa ne a makare. Zaɓen Fabrairun 2023 an gama rabinsa tun Yunin 2022, lokacin da aka rufe zaɓukan fidda gwani. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku: ƙato bayan ƙato, daliget, ko maslaha da rubutaccen amincewar duk masu nema. Manyan jam'iyyun biyu daliget suka yi a takarar shugaban ƙasa. Tinubu ya zama ɗan takarar APC da ƙuri'a 1,271. Atiku ya zama na PDP da 371, Wike yana da 237. Mutanen da ba su cika ɗakin taro biyu ba su ne suka tace wa miliyan casa'in da uku abin da za su zaɓa. Fom ɗin APC na shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40.

Su kuma daliget daga ina suke? Daga mazaɓu, ƙarƙashin shugabannin da aka naɗa a tarukan jam'iyya tun shekara guda kafin nan. Shi ya sa faɗan gaske yake faruwa a lokacin da jama'a ba sa kallo. A 2021 APC a Kano ta yi taron zaɓen shugabanni biyu a rana ɗaya, na ɓangaren Ganduje da na ɓangaren Shekarau. Babbar kotu a Abuja ta ba Shekarau gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, kotun ƙoli ta tabbatar wa Ganduje a Mayun 2022, kwanaki kaɗan Shekarau ya fice. Wanda ba shi da katin jam'iyya ba shi da ta cewa a duk wannan. Wanda yake da katin ma sai sunansa yana cikin rajistar da jam'iyya ta miƙa wa INEC kafin zaɓen fidda gwani (kwana 30 a dokar 2022), kuma rajistar tana hannun wanda yake riƙe da jam'iyya.

Bayan zaɓe ma hannunsa a ɗaure yake. Kiranye yana cikin tsarin mulki, sashe na 69 da na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A inda kashi 27 ne suke fita zaɓe, ana neman sa hannun sama da kashi 50. Da aka gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018, sa hannun kusan kashi 5 na masu rajista ne kawai ya tabbata.

Maganin da aka fi ambata shi ne a halatta takarar indifenda. Kwamitin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a 2008, taron ƙasa na 2014 ya maimaita, majalisar tarayya ta amince da gyaran a Maris 2022, amma bai zama doka ba. Ghana ta nuna amfaninsa. A 2020 NPP ta juya wa ɗan majalisarta na Fomena, Andrew Asiamah Amoako, baya, ya tsaya da kansa ya ci. Majalisa ta tashi 137 da 137, shi kaɗai ya zama mai karya kunnen doki, har ya zama mataimakin kakaki na biyu. Amma a lura, shi ma ɗan gida ne da aka yi wa ɗauki-ɗora, kuma ɓangaren NPP ya zauna da shi. Abin da indifenda ya fi yi ke nan a aikace: yana ba wanda aka zalunta a fidda gwani hanyar zuwa gaban jama'a, yana kuma sa jam'iyya ta yi tunani sau biyu kafin ta ƙaƙaba wanda ba a so.

A manyan kujeru kuwa lissafin bai goyi bayansa ba. Kano tana da rumfunan zaɓe 11,222 a mazaɓu 484. A ce kowane ejan naira dubu goma za a ba shi, an haura miliyan 112 a yini ɗaya, ban da masu tsayawa a cibiyoyin tattara sakamako da lauyoyin da za su bi shari'a har kotun ƙoli. Mai iya wannan ba tare da jam'iyya ba, ya riga ya mallaki gida nasa. Inda mutumin kirki da unguwa ta sani zai iya cin zaɓe da sunansa shi ne kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko majalisar jiha. Biyun farko kuwa ba INEC ke shirya su ba, hukumomin zaɓe na jihohi ne, waɗanda gwamna yake naɗawa. A Janairun 2021 APC ta cinye ƙananan hukumomin Kano 44 duka. A Oktoban 2024 NNPP ta cinye 44 ɗin duka.